Tambayi Kawu: Rigar gwanjo ma tana iya kai ƙara

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Tun ranar da na yi suɓutar baki a filin nan na ce rigar da mutum ya rubuta wa kansa damuwarsa a kai ta fi mini rigar kamfen guda goma da ake rabawa kyauta a bayan mota, wayata ba ta huta ba, wasu tambaya suke, wasu faɗa suka zo yi. Na tsinto guda biyar, sauran ku yi haƙuri fili ne ya yi mana kaɗan.

TAMBAYA: Salam Kawu, ni ɗalibi ne a Zariya. Kwatar layinmu ta toshe yau shekara biyu kenan, duk damina ruwa har cikin ɗakin tsohuwarmu yake shiga, mun yi zarya wajen kansila har mun gaji. Mu bakwai ne muke so mu yi riga iri ɗaya mu sa ranar da za mu kai takarda sakatariya, na je wajen masu firintin kuɗin da suka kira wallahi ya fi kuɗin cefanena na wata. Dan Allah akwai yadda za mu yi abin nan da kanmu? Daga wani ɗanka a Tudun Wada.

AMSA: Wa alaikas salam ɗana. Akwai mana, kuma ba wani abin wahala ba ne, abin da kuke buƙata riga ce da reza sabuwa da guntun soso irin na tsohuwar katifa da fenti da dutsen guga sai kuma abin da za ku yanka haruffan a jiki, shikenan fa.

Rigar ku nufi 'yan gwanjo, mu nan Kano Ƙofar Wambai muke zuwa, ku can kun fi ni sanin inda ake fasa dila da sassafe. Ku nemi ta auduga wadda ba rubutun komai a gabanta, ka murza ta a hannu in ka ji santsi da sheƙi kamar jesin 'yan ƙwallo ajiye musu kayansu, roba ce, fenti ba ya zama a kanta yadda ya kamata kuma dutsen guga yana iya narkar da ita. Ba dole sai launin ya zo ɗaya sak ba, in duk masu haske ne ya wadatar. Ku wanke ku shanya ta bushe ƙarau kafin komai.

Abin yanka haruffa, kwali yana yi amma riga biyu uku zai jiƙe ya yi laushi bakin haruffan ya lalace, ku kuwa bakwai ne. Abin da ya fi shi ne takardar hoton ƙashi ta asibiti, wannan baƙar mai kama da roba, kusan kowane gida akwai tsohuwa a ƙasan akwati, in babu ka sami bangon fayil na roba. Ka rubuta kalmomin da manyan baƙi masu kauri, ka ɗora a kan katako ka bi da reza a hankali. To ga inda kowa ke faɗuwa a karon farko, haruffan da ke da ciki irin su O da A da D da B da R, in ka zagaye su da reza gaba ɗaya cikin zai faɗo ƙasa ka tashi da ƙaton rami, sai ka bar 'yar siririyar gada sama da ƙasa tana riƙe da cikin. Ni zamanin da muke makaranta ban san wannan ba, kuma wani mai shago ya sayar mini da fentin mai irin na ƙofa ya rantse mini shi ake amfani da shi, kuma ban sa komai a cikin rigar ba. Da gari ya waye rubutun ya huda ya fito a baya a juye, gaban rigar ya sandare kamar busasshiyar fata, duk inda O take sai wani baƙin dunƙule kamar an jefe ni da ƙwallon kwalta, ga warin fenti har aji. Sati guda abokai suna kirana allon talla.

Saboda haka ka tura kwali ko tsohuwar jarida a cikin rigar tsakanin gaba da baya, ka manne takardar haruffan da salatif kar ta motsa. Fentin ka ce wa masu sai da kayan zane da firintin kana son na tufafi, ƙaramar roba ɗaya za ta ishe ku har ta yi saura. Na bango wanki ɗaya zai tafi, na mai kuma ka ji labarina. Ka dangwalo kaɗan da soso, ka fara ragewa a jikin kwali har sai ka ga kamar ba komai a soson, sannan ka riƙa dannawa kana ɗagawa, danna ɗaga danna ɗaga, kar ka shafa kamar mai shafa man shanu a burodi don zai kutsa ta ƙarƙashi ya ɓata bakin harafin. Gara ka bi sau biyu sama-sama da ka labta sau ɗaya. A bar ta ta kwana ta bushe, washegari a shimfiɗa wani ƙyalle a kan rubutun a goge da dutsen guga mai zafi kamar minti uku zuwa biyar ba tare da yayyafa ruwa ba, zafin nan shi ke kama fentin da zaren. Na gawayi ma yana yi in ba wuta. Kun ga kenan ba aikin daren da za a wayi gari a tafi ba ne, ba a fafe gora ranar tafiya.

In kuma baƙaƙen riguna kuka samu akwai wata dabarar da ba ta buƙatar fenti sam, ruwan bilic na wanki, a sirka shi da ruwa rabi da rabi a dangwala da soso ta cikin haruffan, kana tsaye za ka ga baƙin yana komawa ja-ja ko ruwan ƙasa, da ya fito sai a tsoma rigar a ruwa a ɗauraye sosai don in ya daɗe cin yadin yake. A tsakar gida za a yi inda iska take, a sa leda a hannu, kuma kar a kuskura a haɗa shi da wani maganin wanke banɗaki, hayaƙin da ke tashi guba ne.

Sai abin da za ku rubuta, wanda ni a wajena ya fi duk wancan. Riga ba takardar koke ba ce, takardar tana hannunku. Kalma huɗu ko biyar, wadda mai a-daidaita-sahu zai karanta daga ɗaya hannun titi kafin ya wuce. KWATARMU TA TOSHE SHEKARA 2, ka ga an gama, akwai abu akwai lokaci kuma ba wanda zai ce ƙarya ne tunda kwatar tana nan kowa ya je ya gani. A 1984 wata mai zana tufafi a Ingila, Katharine Hamnett, an gayyace ta liyafa gidan firaminista Margaret Thatcher, ta rufa da babbar riga a sama, sai da ta zo gaisawa ta buɗe, ga tishat da manyan baƙaƙe cewa kashi 58 cikin ɗari ba sa son Pershing, wato makamai masu linzami na Amurka da ake girkewa a Turai a lokacin. Layi ɗaya da lamba ɗaya, masu hoto suka ɗauka, yau shekara arba'in da ɗoriya ana nuna hoton. Kuma dan Allah in da Hausa za ku rubuta ku sa wa haruffa lanƙwasarsu, tunda da hannu kuke yankawa ba ku da uzurin cewa inji ba shi da ita. Na taɓa ganin ƙato ya sha riga an rubuta KISHIN KASA, na ce bawan Allah macijiya kake kishi ko me.

TAMBAYA: Kawu ina wuni. Ni matar aure ce a Katsina, duk wannan zance na tishat bai shafe mu ba tunda mu hijabi muke sawa mu fita. Asibitin unguwarmu in dare ya yi ba ungozoma, maƙwabciyata a hanya ta haihu. Mu mata yaya za mu yi? Maman 'yan biyu.

AMSA: Lafiya lau 'yata, Allah ya raya 'yan biyu, ita kuma maƙwabciyar Allah ya ba ta lafiya. Wa ya ce miki bai shafe ku ba? Ai mata ne ma suka fi kowa iya abin nan. Bari in ba ki labarin matan Ajantina. Sojoji sun karɓi mulki a ƙasar a 1976, aka shiga sace matasa da dare ba a sake jin ɗuriyarsu. Ranar 30 ga Afrilu 1977 iyaye mata su 14 suka je dandalin Plaza de Mayo da ke gaban fadar gwamnati a Buenos Aires suna neman a gaya musu ina 'ya'yansu. An hana taro, 'yan sanda suka ce kar su tsaya wuri ɗaya, su kuwa suka ce to, suka shiga zagaya dandalin bibbiyu, abin ya zama duk ranar Alhamis. Da suka so su riƙa gane juna cikin cunkoso me suka ɗaura a ka? Farin ƙyallen nafkin na jarirai, irin wanda suka yi wa yaran da suka ɓata amfani da shi suna goye, daga baya suka koma farin ɗankwali suna ɗinka sunan ɗan da zare a jiki. Ba su sayi komai ba. Ba kuma zan ɓoye miki ba abin bai zo musu da sauƙi ba, a Disamban shekarar aka sace uku daga cikin jagororinsu aka kashe, amma mulkin sojan ya faɗi a 1983 su kuma ɗankwalin yana nan har gobe, har zana shi aka yi a daɓen dandalin.

Nan gida ma kin gani da idonki, bayan sace 'yan matan Chibok 276 a Afrilun 2014 masu zaman dirshan a Unity Fountain a Abuja launin ja suka riƙe, kuma Aisha Yesufu da hijabinta har ƙasa ta yi ta tsayawa a gaba. To ku da kuka gaji anko tun daga kakanni, biki ya zo mata hamsin su fito da atamfa iri ɗaya ba wanda ya koya muku, me zai hana mata ashirin su sa hijabi launi ɗaya su je wajen shugaban ƙaramar hukuma ko hakimi? Kowa da wanda take da shi a gida, ku duba launin da ya fi yawa a tsakaninku ku tsaya a kansa, ba sai an yi sabon ɗinki ba. In kuna son rubutu, yadin hijabi yawanci mai santsi ne ba ya son fenti, sai ku yanko farin ƙyalle kamar tafin hannu biyu ku rubuta a kai, MUNA SON UNGOZOMA DA DARE, ku maƙala da fil a kafaɗa ko a jikin jaka, an dawo gida a cire a adana. Wadda ta iya ɗinkin hannu ta bi rubutun da zare da allura ya fi kyau ya fi daɗewa. Abu ɗaya da zan roƙa, da ku da mazan, kar a rubuta aya ko sunan Allah a jikin tufa, kayan da za a shiga banɗaki da su a jefa a bahon wanki. Kuma ki fara shawo kan maigida, in da hali ma shi ya kai ku, ai shi ma matarsa ce za ta haihu.

TAMBAYA: Kawu ni tela ne, ana kawo mini aikin tuta da riguna da hulunan ƙungiyoyi. Wani lokacin ban ma san ma'anar abin da ke jiki ba, ni dai kuɗin ɗinkina. Akwai matsala? Wani tela daga Kano.

AMSA: Malam tela akwai fa, kuma kai da kake Kano bai kamata in tuna maka ba. Lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta farkon Agustan 2024 da aka ga matasa suna ɗaga tutar Rasha, ba masu ɗagawar kaɗai aka kama ba, har teloli aka bi shago aka kwashe bisa zargin su suka ɗinka, hukuma ta ce abin ya shafi cin amanar ƙasa. A Nuwamban shekarar kowa ya ga yaran da aka gurfanar a babbar kotun tarayya a Abuja wasu suna faɗuwa don galabaita, sai da ƙasa ta ɗauki surutu shugaban ƙasa ya ce a sake su, bayan sun shafe kusan wata uku a tsare. Ni ra'ayina kama yaran nan da tsare su haka bai dace ba ko kaɗan, amma ra'ayin Kawu ba ya buɗe ƙofar sel.

Gaskiya ne sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, na 40 kuma ya ba da 'yancin taruwa cikin lumana, riga mai cewa a gyara kwata ko a biya albashi ko a kawo malamai tana cikin wannan. Amma ka tambayi ma'anar duk abin da aka kawo maka kafin ka ɗora a keke, in da wani yare ne ka nemi wanda zai karanta maka. Tutar wata ƙasa a lokacin da gari ya ɗau zafi, alamar ƙungiyar da aka haramta, yadi mai dabbare-dabbare irin na sojoji, waɗannan ka ce ba ka yi. Haka wanda ya zo da sunan mutum ƙarara an rubuta ɓarawo a ƙasa, ɓata suna laifi ne da ake kai mutum kotu a kai, kuma yanzu ba a titi abin ke tsayawa ba, wani zai ɗauki hoto ya sa a Facebook ko TikTok, gobe a ce wa ya ɗinka. Mai rigar ya cire ya jefa a masai ya ce bai san zancen ba, kai kuwa shagonka ba ya gudu.

TAMBAYA: Kawu da girmanka kake zuga yara su ɓata riguna. Wace riga ce ta taɓa sauke farashin shinkafa? Wannan duk neman suna ne a soshiyal midiya. Wani Alhaji daga Kaduna.

AMSA: Ranka ya daɗe Alhaji, rabin maganarka na yarda da ita. Wanda ya sa riga ya ɗau hoto ya cire ya koma ya kwanta bai yi komai ba, ya dai ƙara wa kansa wanki. Amma a ce tufa ba ta taɓa motsa gwamnati ba, a nan kam mun rabu. A Faransa doka ta tilasta wa kowane direba ajiye 'yar rigar nan mai ruwan ɗorawa mai ƙyalli a mota, da gwamnati ta ce za ta ƙara harajin mai sai mutane suka buɗe but suka ɗauko ta suka fito titi ranar 17 ga Nuwamba 2018, ko sisi ba wanda ya kashe, kafin Disamba ta ƙare an janye ƙarin. Gandhi a Indiya ya sa mutane su kaɗa audugarsu su saƙa su daina sayen yadin Ingila, a 1921 har tara yadin waje aka riƙa yi ana cinna masa wuta, shi kansa da ɗan gyauton saƙin hannu ya shiga fadar Buckingham a 1931. Kusa da mu Thomas Sankara, da ya mulki Burkina Faso daga 1983 zuwa 1987, ya sa ma'aikatan gwamnati sanya saƙin gida da suke kira faso dan fani don kuɗin ya tsaya a hannun manomin auduga da masaƙa. Duk waɗannan ba tufar ce kaɗai ta yi aikin ba, akwai mutane a cikinta da suka fito yau suka fito gobe, amfaninta shi ne wanda ke ciki ya waiga ya ga ashe ba shi kaɗai ba ne, wanda ke ofis kuma ya leƙo ta taga ya iya ƙirgawa.

Kuma Alhaji mu da muke ƙasar da hula kaɗai ke gaya maka gidan siyasar mutum? Malam Aminu Kano da fararen kaya marasa ado da jar hula aka san shi a lokacin da manya ke tinƙaho da manyan riguna masu aiki, shigar kanta magana ce, kuma yau a Kano ka ga jar hula ba sai an ce maka ɗan Kwankwasiyya ne ba. Abin da nake ƙi shi ne yaro ya karɓi riga mai fuskar ɗan takara da 'yan canji a aljihu, gobe wani ya ba shi wata ya sauya, zanen aro ai ba ya rufe katara. Wanda ya zauna ya yanka harafi ɗaya-ɗaya da reza har ya yanke yatsa, in ka tare shi a hanya ka ce me wannan ke nufi, zai tsaya ya yi maka bayani har ka gaji.

TAMBAYA: Kawu zan iya sa rigar da na yi wa ɗan takarana in je jefa ƙuri'a da ita? Kuma na wanke ta sau ɗaya rubutun ya fara dishewa. Ɗiyarka daga Gusau.

AMSA: A'a 'yata, ranar zaɓe ki bar ta a gida. Dokar zaɓe ta 2022 ta hana sanya ko nuna wata alama ko hoto ko katin jam'iyya da ya shafi zaɓen a rumfa ko cikin tazarar mita 300 daga rumfar, hukuncin da ta tanada a lokacin tarar naira dubu 100 ne ko ɗaurin wata shida, hular hana-sallah mai tambari ma tana ciki. Dishewar kuma ina kyautata zaton ba ki goge da dutsen guga ba, ko kin jiƙa ta a omo ta kwana. Ki mayar da takardar haruffan daidai inda take ki sake bi da soso, ta bushe, ki goge, nan gaba kuma ki juya cikinta waje kafin wanki, ruwan sanyi, ban da buroshi, ki shanya a inuwa.